Safiyar Alhamis a Kasablanka: Godiyar da Ke Jiran Mutum Goma

Duk mai zuwa ziyara Fas daga Nijar, Kasablanka ce ƙofarsa, shiga da fita. Jirgin Yamai a nan yake sauka, daga nan a hau jirgin ƙasa a tafi zawiyar Shehu Ahmadu Tijjani, a yi abin da ya kawo mutum, a juyo. 'Yan'uwa da yawa da sun dawo sai su zarce filin jirgi. Mu 'yan kasuwa kuwa ƙafarmu ba ta yarda ta wuce Derb Omar, unguwar 'yan sari, inda yadi da jallabiya da zaren ado suke jibge dila a kan dila, masu turin kaya suna ta ihu a ba su hanya.

A can nake da wani dattijo Bayahude mai sayar da zaren ado. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, shi ya fara hulɗa da shi, ni gadonta na yi, don haka Baba nake ce masa. Ranar Laraba da na isa shagon ban tarar da shi ba, sai yaronsa, wani Musulmi da ya daɗe tare da shi har furfura ta fara fito masa a shagon. Ya ce mini an yi wa maigida tiyatar zuciya a Paris, inda 'yarsa take aure, ya yi watanni yana jinya, jiya Talata ya sauka. Ya kira mini shi a waya. Muryar ta yi laushi, amma barkwancin yana nan inda na bar shi.

"Alhaji, ka zo a kan gaɓa. Gobe da sassafe zan biya wani bashi, ina so ka zo ka zama ɗan kallo."

"Bashin wa kuma, Baba, ku da ba ku gama warwarewa ba?"

"Na Wanda ba ya aiko da takardar tuni. Ƙarfe bakwai. Zan bar sunanka a ƙofa."

Mu a ƙasar Hausa a littafi muka san Bayahude, sai kuma a labaran rediyo, kuma abin da rediyo ke kawowa daga Falasɗinu ba mai daɗin ji ba ne. Ra'ayina a kan wannan dattijon ya san shi sarai, mun sha taɓa maganar mu bar ta. Amma mutumin da ya riƙe wa mahaifina amana shekara da shekaru, ya tashi daga gadon asibiti ya ce zo, ai zuwa yi masa barka da arziki ba abin shawara ba ne. Na yi sallar asuba a masallacin da ke kusa da masaukina, na ɗan jira gari ya waye, na tari ɗaya daga cikin jajayen tasin nan na birnin.

Da ba a kwatanta mini ba, da sai in wuce wurin ibadar Yahudawan ban sani ba. Ƙofa ce kawai a wani layi mai shiru, babu allo, babu alama, sai ɗan sanda zaune a kujera. Ya karɓi fasfona, ya duba wata takarda, ya ɗaga kai ya ce in shiga. Wannan tsaron yana da dalili. A daren 16 ga Mayu 2003 'yan ƙunar baƙin wake sun kai hare-hare a wurare da dama a Kasablanka, kuma cikin inda suka nufa akwai kulob ɗin Yahudawa da tsohuwar maƙabartarsu. Duk da haka, a ƙasashen Larabawa babu inda Yahudawa suka rage da yawa kamar Maroko. Wajen 1948 sun kai kimanin 250,000. Yau ba su wuce 'yan dubbai kaɗan ba, akasarinsu a wannan birni. Sauran sun watse zuwa Isra'ila da Faransa da Kanada. Kundin tsarin mulkin ƙasar na 2011 ya ambaci Ibrananci cikin magudanan da suka shayar da asalin Maroko, suna da alƙalansu na aure da gado, suna da gidan tarihi a unguwar Oasis tun 1997.

Ɗakin bai fi a ce ya ɗauki mutum sittin ba. Ba a cire takalmi. Na tambaya ko akwai abin da zan sa a kai, wani tsoho ya dubi hulata ya ce ta wadatar har ta yi yawa. Kujeru suna kewaye da wani dandamali na katako da ke tsakiya, inda mai jan addu'a yake tsayawa. A bangon gabas, wajen Ƙudus, akwai ma'ajiya mai labulen karan-miski, a cikinta ake ajiye Attaura. Daga rufi fitilun gilashi suna rataye da sarƙoƙi, kowace da sunan mamacin da aka kunna ta dominsa, kuma sun ninka mutanen da ke zaune sau da yawa. Mazan sun yafa farin mayafi mai tuntaye a kusurwa huɗu, sun ɗaura wasu 'yan akwatunan baƙar fata, ɗaya a goshi ɗaya a damtsen hannu, kamar laya, da ayoyin Attaura a ciki. Matar dattijon da wasu mata biyu suna can baya, bayan wata 'yar katanga.

Baba yana zaune kusa da ma'ajiyar, ya rame, kwat ɗinsa ta yi masa yawa. Ya ɗago mini hannu, ya haɗa ni da wani tsohon malamin makaranta mai Faransanci tsab, ya ce ya zauna kusa da ni ya riƙa gaya mini abin da ake ciki. Wannan malamin ya yi aikinsa a makarantun Alliance, na wata ƙungiyar Yahudawa ta Faransa, waɗanda aka buɗe ta farkonsu a Tetuwan a 1862, kuma ga alama ritaya ba ta raba shi da son ɗalibi ba.

Sai na lura akwai damuwa a ɗakin. Mai kula da wurin yana ta zagaye da ido yana motsa baki, ya leƙa ƙofa, ya dawo. Malamin ya raɗa mini cewa ƙirga yake yi. Akwai sassan ibadarsu da ba a yi sai da maza goma da suka kai shekara goma sha uku: ba a fito da Attaura a karanta, ba a yi addu'ar da marayu ke yi wa iyayensu, haka nan godiyar da Baba ya zo yi. Kuma ba sa son ƙirga mutane da ɗaya, biyu, uku. Sai su ɗauki wata aya ta Zabura mai kalma goma cif a harshensu, a ba kowa kalma guda: ka ceci mutanenka, ka albarkaci gadonka, ka yi kiwonsu, ka ɗauke su har abada. Mai ƙirgar namu kullum a kan "har" yake tsayawa. Tara ne.

Na ce da malamin, cikin wasa, ga ni ai. Ya yi murmushi ya dafa gwiwata.

"Alhaji, kai baƙonmu ne, kana da shayi da kujera. Amma ba ka cikin lissafi."

Ban ji haushi ba, don mu ma da ya zo masallacin Juma'a ba za mu cika adadi da shi ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne halin da dattijon yake ciki. An tsaga masa ƙirji, an ɗinke, ya rayu, ya ƙetaro teku, ga shi a zaune da godiyarsa a baki, amma ba shi da ikon furta ta yadda ake so sai wani da ke kwance a gado a wata unguwa ya tashi. Ɗaya daga cikin waɗanda aka saba gani ya tafi Montiriyal ta Kanada ganin jika, wani kuma sanyi ya kama masa gwiwa. Aka fara sassan da ba sa buƙatar goma, mai jan addu'a yana ja a hankali da gangan, mai kula da wurin ya fita waje da waya a kunne. Da Asabar ce ma da wayar ba ta taɓuwa.

A wannan jiran ne na tuna abin da na gani a Fas kafin in dawo. Bayan ziyara na bi ta mellah, tsohuwar unguwar Yahudawa da aka kafa a 1438 jikin fadar sarki, ita ce ta farko a ƙasar. Na shiga majami'ar Yahudawa ta Ibn Danan, ginin ƙarni na 17, an gyara ta tsaf, da dandamalinta da ma'ajiyarta da wurin wankan tsarki a ƙarƙashin ƙasa. Komai yana nan sai mutane. Masu yawon buɗe ido suna shiga suna ɗaukar hoto suna fita. A lokacin abin bai dame ni ba, na ɗauke shi kayan tarihi. Sai a wannan ɗaki na Kasablanka na fahimci cewa tsakanin wurin ibada da gidan kallo, a wajensu, tazarar mutum guda ce.

Na goman ya shigo wajen bakwai da rabi, saurayi mai gyaran haƙori, gashinsa da sauran ruwa, yana ba da haƙuri. Babu wanda ya yi masa faɗa. Wani tsoho ma sumbatar kansa ya yi. Nan take murya ta sauya a ɗakin, addu'ar ta kama gudu, ana amsawa da ƙarfi, da wata irin waƙa mai lanƙwasa da duk wanda ya saba jin karatun mutanen Magrib zai ji kunnensa ya san ta.

Litinin da Alhamis da Asabar su ne ranakun karanta Attaura a mako, shi ya sa Baba ya zaɓi yau. Aka zuge labulen, aka fito da ita: doguwar fata ce rubutacciya da hannu, naɗe a jikin sanduna biyu, an tufatar da ita, da ƙararrawoyin azurfa a kai. Aka zagaya da ita, kowa yana miƙa hannu ya taɓa ya sumbaci yatsunsa. Kafin karatu aka buɗe ta aka ɗaga sama aka juya kowane gefe don kowa ya ga rubutun da idonsa. A ranar aiki mutum uku ake kira, kuma da tsari: na farko daga zuriyar Annabi Haruna, na biyu daga ƙabilar Lawi, na uku daga sauran jama'a. Baba ne na uku. Da aka kira shi, da sunansa da na mahaifinsa, ya miƙe da kansa, ya ƙi hannun da aka miƙo masa, ya taka matakalar dandamalin ɗaya bayan ɗaya. Wani ɗan ƙanensa ya tashi tsaye bai zauna ba har aka gama, don haka ake yi idan an kira babba a gida. Mai karatu yana bin layi da wani ɗan tsinken azurfa, ba a taɓa rubutun da hannu.

Da aka rufe Attaurar, sai ya gyara tsayuwa, ya dafa katakon da hannu biyu. Ya fara da wata aya ta Zabura mai cewa zai gode wa Ubangiji da dukan zuciyarsa a cikin taron masu gaskiya. Sannan ya faɗi abin da ya kawo mu, wanda suke kira Birkat ha-Gomel. Malamin ya mayar mini da shi Faransanci, ni kuma ga shi da Hausa: Albarka ta tabbata gare ka, ya Ubangiji Allahnmu, Sarkin duniya, mai yin alheri ga masu laifi, wanda ya yi mini dukan alheri. Jama'a suka ce amin, suka mayar masa da murya ɗaya, cewa Wanda ya yi maka dukan alheri, ya ci gaba da yi maka dukan alheri har abada. Daga bayan katanga sai guɗa ta tashi, irin tamu sak, alewa ta fara zubowa ta saman kawunan maza.

Shi ke nan. Duka-duka bai kai minti ɗaya ba. Watannin jinya, kuɗin jirgi, jiran na goma, duk don jimla guda da amsarta.

Na yi ta juya wannan jimla a raina, kuma abu biyu ne suka kama ni. Na farko, babu ciwo a cikinta. Bai ce zuciya ba, bai ce asibiti ba, bai ba da labarin daren da aka ce wa iyalinsa su yi addu'a ba. Mu kan san yadda wanda ya tashi daga ciwo yake mayar da kowace gaisuwa tarihin jinya, har mai zuwa dubiya ya rasa hanyar tashi. A nan an ɗaure bakin mutum da kalmomin da ba nasa ba, waɗanda mai kuɗi da talaka, mai tiyatar zuciya da wanda ya fito daga kurkuku, duk su za su faɗa. Na biyu, kuma shi ne mai nauyi, mutum ya tsaya gaban maƙwabtansa, waɗanda suka san cinikinsa da fushinsa da duk wani abin da ya taɓa yi, ya sa kansa cikin masu laifi. Bai ce ya warke don yana sadaka ba, ko don addu'ar iyaye tana bin sa. Cewa ya yi an yi masa abin da bai ci ba. Malamin ya ce babban littafin hukuncinsu yana kwatanta wanda ciwo ya kwantar da wanda aka gurfanar gaban shari'a. In ya sauko daga gado, sakinsa aka yi, ba wai ya ci shari'ar ba.

Mu muna da sujadar godiya, mutum ya faɗi ƙasa tsakaninsa da Ubangijinsa, muna da sadaka da yanka da tara malamai a sauke Alƙur'ani. Ban ga abin da muka rasa ba. Amma wannan ɗaurewar da suka yi wa godiya, a sa mata lokaci, a sa mata shaidu, a sa wa shaidun amsar da za su bayar, dabara ce ta mutanen da suka san halin ɗan Adam. Ciwo yana sa alkawari, lafiya tana sa mantuwa. Shi ya sa suka ce kada a wuce kwana uku bayan mutum ya miƙe sosai, ko da yake wanda ya makara ba a rufe masa ƙofa ba.

Da ya sauko, kowa ya miƙa masa hannu yana cewa "hazak u-baruk", wato ƙarfi da albarka. Sannan mai kula da wurin ya zaro wata takarda da ta sha ninki daga cikin littafinsa. Sunayen marasa lafiya ne, waɗanda ake yi wa addu'a duk ranar da aka fito da Attaura, kuma a wannan addu'a da sunan uwa ake kiran mutum, ba na uba ba. Watanni sunan Baba yana ciki. Ya ciro biro, ya nuna wa Baba layin, ya ja masa zane a kai a gaban kowa, sannan ya karanta sauran. Nan na ga ɗaya gefen al'amarin. Waɗannan tsofaffin sun yi ta ambaton sunansa safiya bayan safiya, suna da haƙƙin a zo a gaya musu yadda roƙonsu ya ƙare. Malamin ya ce suna iri biyu ne ke fita daga takardar nan, kuma a 'yan shekarun nan irin na yau ya fi ƙaranci.

Bayan an idar aka shiga wani ɗan ɗaki na gefe inda matar Baba ta shirya karin kumallo: sfenj, wato fanken Maroko mai huda a tsakiya, da dafaffen ƙwai, da zaitun, da shayin na'ana'a. Akwai kuma wata kwalba ta mahiya, giyar ɓaure da Yahudawan ƙasar suka shahara da ita. Tun kafin ta iso inda nake Baba ya ce a kawar da ita daga gaban Alhaji, a ƙaro masa shayi. An kira ɗan sandan ƙofa ma an ba shi nasa.

A nan malamin ya samu fili. Ya ce asalin abin yana cikin Talmud, babban kundin da malamansu na Iraƙi suka tattara kimanin shekara 1,500 da suka wuce, a babin albarkoki. Mutum huɗu ne aka ɗora wa wannan godiya: wanda ya ƙetare teku, wanda ya ratsa hamada, wanda ya yi ciwo ya warke, da wanda aka ɗaure aka sake shi. Daga Zabura ta 107 suka ciro su, inda aka zana kowane ɗaya, kuma bayan kowane sai a maimaita kira guda, cewa su gode wa Ubangiji saboda ƙaunarsa da abubuwan al'ajabin da yake yi wa 'yan Adam. Game da marasa lafiya Zaburar ta ce ransu ya ƙi kowane irin abinci, sun kai bakin ƙofofin mutuwa. Matar Baba da ta ji wannan sai ta ce a rubuta a ƙara da cewa har miyar da ta dafa da hannunta ya ƙi. Sharaɗin goma kuma daga wata aya ta gaba a wannan Zabura ya fito, inda aka ce a ɗaukaka shi a taron jama'a, a yabe shi a mazaunin dattawa; don haka ma an so a samu malamai biyu a cikin goman, in da hali.

Da ya ambaci hamada na ce masa wannan ba sai an yi mini sharhi ba. Ƙasarmu ce ta ayarin gishiri daga Agadas zuwa Bilma ta cikin Tenere, kuma ba mu manta Oktoban 2013 ba, lokacin da aka tsinci gawar mutum 92, akasari mata da yara, a arewacin Arlit, motocinsu sun lalace ƙishirwa ta gama da su. Wanda ya rubuta Zaburar nan ya san abin da yake faɗa. Tsofaffin suka yi shiru, ɗaya ya ce kakanninsu daga Tafilalt suke, bakin hamada, su ma fatake ne.

Na tambayi dalilin cin abincin, ko al'ada ce kawai. Malamin ya ce ya fi haka. A zamanin da Haikalinsu, babban ɗakin ibadarsu, yake tsaye a Ƙudus, kafin Rumawa su rushe shi a shekara ta 70, wanda ya tsira dabba yake kaiwa ta hadayar godiya, tare da gurasa arba'in, talatin marasa yisti, goma masu yisti. Kuma doka ta ce a cinye a yini guda da darensa, kada a kwana da saura. Wane gida ne zai cinye wannan shi kaɗai? Dole mutum ya fita ya kira dangi da maƙwabta da masu wucewa, su kuwa dole su tambaya me ya faru, shi kuma dole ya faɗa. Wani malaminsu na ƙarni na 19 a ƙasar Lituwaniya haka ya fassara hikimar: an yawaita abincin, an gajarta lokacin, don kada godiyar ta tsaya a cikin gida. Da Haikali ya tafi, jimlar nan ta maye gurbin dabbar, karin kumallon kuma ya tsaya a madadin gurasar.

Na juya wajen Baba na ce, "To likitan fa, Baba? Shi da ya yi aikin ba a ambace shi ba."

Ya ce likita ya samu nasa, kwalin kayan zaƙin Maroko da ake kira kaab el-ghazal guda biyu da kuɗin da ya isa sayen mota. Suka yi dariya. Malamin ya ƙara da cewa a wajensu neman magani ba rashin tawakkali ba ne, Talmud ya ce an ba likita izinin warkarwa. Ya tuna mini da Musa bin Maimun, babban malaminsu haifaffen Ƙurɗuba, wanda ya zauna a Fas wajen 1160 kafin ya wuce Masar ya zama likita a fadar Salahuddin, ya rasu a 1204. Mutum guda ne ya rubuta musu hukuncin addu'a ya kuma rubuta littattafan magani da Larabci.

Ana cikin haka wani tsoho mai baƙin tabarau, wanda tun da aka zauna bai ce uffan ba sai cin zaitun, ya buga tebur ya ce shi ma ranar Litinin zai hau ya yi tasa. Makon jiya aka cire masa yanar ido. Kafin ya rufe baki ɗakin ya rabu biyu. Mai gyaran haƙori ya ce aikin minti ashirin ne, da ƙafarsa ya shiga da ƙafarsa ya fito, ina haɗarin yake? Tsohon ya ce wuƙa a ido ba haɗari ba ce? Malamin, da daɗi ya ishe shi, ya ɗaga yatsa ya ce a nan ne manya suka saɓa. Yusuf Karo, wanda aka buga littafinsa Shulhan Aruk a Benis ta Italiya a 1565, kuma shi Yahudawan Magrib da na Gabas suka fi bi, ya ce kowane ciwo da ya kwantar da mutum a gado ya isa, ko da ba na mutuwa ba ne. Musa Isserles na birnin Krako a Polan, wanda Yahudawan Turai suke bi, ya kawo cewa sai ciwo mai haɗari, irin wanda ya shafi cikin jiki. Haka ma a tafiya: mutanen Andalus suna yin godiyar bayan tafiya daga gari zuwa gari, don a ganinsu kowace hanya haɗari ce, na Jamus da Faransa kuwa ba sa yi. Baba, in ji shi, dalili biyu gare shi, ciwo da jirgi, kuma jimla ɗaya ta ɗauke duka.

"To kun ji," in ji mai tabarau. "Mu na Karo ne."

"Karo gado ya ce," in ji mai gyaran haƙori. "Kun kwanta?"

"Na kwanta mana."

"Barcin rana ba ya cikin lissafi."

Wani ya ce a kira babban malami a waya, wani ya ce ya karanta Zabura ta 107 a gida ya huta, mai kula da wurin kuwa ya ce shi duk abin da zai sa mutum goma su fito ranar Litinin yana goyon bayansa, ko ƙaya ce aka cire wa wani a ƙafa. Baba ya jawo ni gefe ya ce yaronsa ya san farashin da muka saba, kada in yi tsammanin tiyata ta taɓa masa lissafi. Na yi masa barka da arziki, na yi wa matarsa godiyar shayi, na bar su mai tabarau ya cire tabarau yana nuna wa kowa idon, na fita neman tasin Derb Omar kafin masu ɗaurin kaya su tafi cin abincin rana.